Kwana uku a tsibirin Tarkwa Bay: mutanen da muke yankewa daga hotunanmu



Tun da na buɗe shafin Instagram ban taɓa ɗora hoton da ya samu karɓuwa kamar wanda aka ɗauke ni a bakin teku a hutun Ista da ya wuce ba. Ina tsaye da farar riga, ƙafata cikin yashi, hasken yamma ya zubo, can bayana wani ƙaton jirgin ruwa ɗauke da kwantenoni yana shiga Legas. Kafin gari ya waye har waɗanda rabona da su tun sakandare sun leƙo. Wani ya ce, "Mutumina, Dubai ce ko?" Wata ta ce, "Allah ya kai mu inda ka je." Ni kuma ina ta raba amin kamar goron ɗaurin aure.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, asalin hoton ya fi haka faɗi. A gefen hagu akwai wata mata da goyo a baya tana tsince robobin ruwa da baƙi suka zubar, can nesa da ita kuma ga kangon wani gida da ciyawa ta fito a tsakar ɗakinsa. Yatsa biyu na sa na matse hoton, ita da kangon suka fita. Wallahi a lokacin ban ji komai a raina ba. A ganina sun ɓata mini hoto ne kawai.

Wannan yankewar nake so mu tattauna yau. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk matashin da Allah ya ba shi ikon zuwa irin wannan wuri, to ya daure ya kwana, ya zauna har sai ya san waɗanda ke rayuwa a cikinsa. Wanda ya je da hantsi ya dawo da la'asar yashi da ruwa kawai ya gani, kuma abin da zai ba mu labari ke nan. Ni ma da yini ɗaya na yi, da yanzu abin da kuke karantawa yabon iska ne da kifi.

Ina Legas ne wajen koyon aiki da makaranta ke tura mu, ina zaune gidan kawuna a Agege. Da hutu ya zo daga Juma'a har Litinin, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka ce sai tsibiri. Da na gaya wa Kawu sai ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. Ya ce, "Kai da ko a kududdufi ba ka iya iyo ba, me ya haɗa ka da teku?" Na ce, "Kawu, gani ya kori ji." Shekararsa fiye da ashirin a Legas, ya san kowane lungu na kasuwar Mile 12, amma bai taɓa sa ƙafarsa a kwale-kwale ba. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗi biyu: in kira shi kullum bayan magariba, kuma kada in kuskura in shiga jirgi ba rigar kariya.

Ga wanda bai san wurin ba, Tarkwa Bay yana daidai bakin mashigar da manyan jiragen ruwa ke bi su shiga tashoshin Apapa da Tin Can. Babu titin mota da ya kai can, sai dai ta ruwa. Mun shiga kwale-kwale mai inji ne daga tashar CMS da ke Marina, tafiyar ba ta wuce minti ashirin ba. Kana zaune kana ganin dogayen benen Legas suna ja da baya, ƙarar hon ɗin motoci na raguwa, har ka daina jin komai sai injin da ruwa.

Tun a cikin jirgin muka fara rigima. Ɗaya daga cikinmu ya ce zai cire rigar kariyar na minti ɗaya saboda tana ɓata masa bidiyo. Matuƙin ya rage gudu ya ce ko ya mayar ko mu koma. Na goyi bayan matuƙin, don mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin abin da ruwa ke yi. Ba mu manta da Bagwai ba a ƙarshen 2021, inda jirgi ya kife a ruwan Watari da mutane da dama, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da za su Mauludi. Ba mu manta da Warra ta jihar Kebbi ba a watan Mayun shekarar, inda aka yi ta tsamo gawawwaki daga kogin Neja. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Abokin namu ya mayar da rigar yana ƙunƙuni.

Ba zan ɓoye muku ba, ganin teku na farko ya girgiza ni. Babban ruwan da na sani a rayuwata shi ne dam ɗin Tiga, shi ma kana hango ƙetare. Wannan kuwa ka duba har idonka ya gaji, babu ƙarshe. Jirgin dakon kaya ya zo ya wuce ta kusa da kai, tsayinsa kamar an ɗora bene a kan ruwa. Abin da ya sa ruwan Tarkwa ke da sauƙin shiga shi ne wata doguwar katangar duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka fara jerawa cikin teku tun wajen 1908, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Katangar na tare ƙarfin igiyar ruwa. Idan ka taka ka zagaya ɗaya ɓangaren, wajen tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, nan za ka ga teku da fushinsa. Mutanen wurin sun gargaɗe mu kada mu shiga ta can, mu ma ba mu yi gardama ba.

Ranar Asabar wurin ya cika maƙil. Jirage na ta sauke mutane, kowa da sifikarsa, kowa da kular abinci. Na zauna a ƙarƙashin rumfa ina kallon ikon Allah. Akwai wata da ta canza kaya sau uku a cikin awa biyu, ko tafin ƙafarta bai taɓa ruwa ba. Akwai samarin da suka yi ta maimaita gudu ɗaya a bakin ruwa har sau bakwai saboda mai ɗaukar bai kama daidai ba. Ba dariya nake musu ba, don mu ma abin da muka yi ke nan ranar Juma'a. Abin da na lura da shi shi ne yadda kowa ke jiran mai talla ya wuce kafin ya danna. Yaro mai kwakwa ya tsaya, a ce masa ya matsa. Mai gyaɗa ta zo, a ɗaga mata hannu. Duk wanda ke zaune a tsibirin ya zama abin kaucewa.

Sai yamma ta yi. Kafin duhu jiragen ƙarshe suka kwashe baƙi, kiɗa ya mutu, aka bar mu da tantinmu da wasu 'yan tsiraru. A nan ne wurin ya sauya kama. Yaran da aka yini ana kora suka fito da allunansu na hawa igiyar ruwa, wasu allunan duk sun sha ɗauri, suka shiga teku suna tsayawa a kan ruwa kamar a kan tabarma. Mata suka zauna suna ƙirga cinikin yini. Wasu suka bi yashi da buhuna suna kwashe shara. Janareta ɗaya ya tashi can cikin gari, sauro ya fito aiki. Idan ka ɗaga kai kuma ga fitilun Victoria Island da benayen Eko Atlantic suna walƙiya a ƙetaren ruwa, kusa kamar ka miƙa hannu.

Muna neman ruwan zafi ne muka faɗa wa wani mai shayi. Muna ta fama da guntun Turancin Buroka, sai ya yi murmushi ya ce, "Samari, ku yi Hausa mana." Dattijo ne, mutumin ƙasar Sakkwato, ya ce ya daɗe a wurin. Muka zauna a bencinsa. Ni ne na tambaye shi, "Baba, waɗancan kangayen fa, gobara aka yi?" Ya jima yana juya cokali kafin ya amsa. Ya ce ba gobara ba ce, gidajen mutane ne. Ya nuna mini wajen da ɗakinsa yake da, ya ce da safe aka zo, aka yi harbi sama, aka ce kowa ya fita. Abin da ya iya ɗauka tukunyar shayinsa ce da buhun kaya ɗaya. Ya ce, "Ɗana, ka ga tashar da kuka hau jirgi? A nan muka zube da yara da tsofaffi, ba mu san inda za mu dosa ba."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na kunna data na shiga bincike, na tarar abin da Baba ya faɗa yana nan a rubuce, duniya ta sani, ni ne dai ban sani ba. Ranar Talata 21 ga Janairun 2020 sojojin ruwan Najeriya suka tashi mazauna Tarkwa Bay. Rahotanni sun ce wa'adin kusan awa ɗaya aka ba su, kuma adadin da aka fi ambata shi ne mutum 4,500. Bayan kwashe mutanen aka shiga rushe gine-gine. Akwai hotunan mutane a cikin kwale-kwale da katifu da tukwane da talabijin a ka. Ba Tarkwa kaɗai ba ce, an tashi wasu ƙauyukan bakin ruwa da ke maƙwabtaka da ita a tsakanin waɗancan makonni. Ni a lokacin ina sakandare, ina da waya, ina Facebook dare da rana, amma labarin bai taɓa zuwa gabana ba. Hotunan yashin wurin kuwa na gan su ba adadi.

Adalci shi ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, don ba a yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Kusa da Tarkwa akwai Atlas Cove, inda ake sauke man fetur daga jirage a tura shi ta bututu zuwa daffo-daffon Ejigbo da Mosimi. Rundunar sojin ruwa ta ce ana fasa bututun ana satar mai a yankin, kuma ta nuna wa 'yan jarida ramukan da ta ce ta nan ake ɗiba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kwana biyu kacal kafin tashin, ranar 19 ga Janairun 2020, bututu ya kama da wuta a Abule Egba, aka rasa rayuka da gidaje da motoci. A unguwar dai, a watan Disambar 2006, irin wannan gobara ta kashe mutum fiye da 200. Duk wanda ya ce gwamnati ta naɗe hannu ta zuba wa masu fasa bututu ido, bai san abin da yake faɗa ba.

Amma ga tambayata. Idan ɓarawo ya ɓuya a unguwa, unguwar ake rushewa ko ɓarawon ake kamawa? Satar mai ta bututu aiki ne mai buƙatar injina da jirage da masu saye da masu kawar da kai. Mai shayi da mai soya kifi da yaro ɗan firamare ba su ne ke da wannan jarin ba. Idan ma an ce zaman mutane kusa da bututu haɗari ne gare su, to akwai hanyar da ake bi: a ba da sanarwa da wuri, a zauna da mutane, a nuna musu inda za su koma. Awa ɗaya ko kayan ɗakin ɗalibi ba ta isa a haɗa ba. Ku kuma tuna abin da ya biyo baya. A ƙarshen watan Maris na shekarar aka rufe Legas saboda korona, aka ce kowa ya zauna a gida. Wane gida?

Da na ci gaba da karatu sai na ga abin ya daɗe ana yi. A watan Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe Maroko, aka tashi mutum kusan 300,000. Filin yau yana cikin unguwannin da suka fi tsada a ƙasar nan, wajen Oniru da Lekki. A tsakanin ƙarshen 2016 da watan Afrilun 2017 aka tashi Otodo Gbame, ƙauyen masunta a bakin ruwan Lekki, inda ƙungiyar Amnesty International ta ce mutum fiye da 30,000 suka rasa matsuguni. A watan Yunin 2017 babbar kotun jihar Legas ta ce tashin mutane irin wannan ba tare da tanadin inda za su koma ba ya saɓa wa tsarin mulki. Duk da wannan hukunci, ba a cika shekara uku ba aka yi na Tarkwa. Kowane karo da dalilinsa, wani lokaci tsaro, wani lokaci tsafta, wani lokaci ambaliya. Amma waɗanda ake ɗorawa a kwale-kwale da katifa a ka kullum iri ɗaya ne.

Akwai kuma wani abu da katangar duwatsun nan ta koya mini. Ruwan gaɓar Legas yana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da aka gina katangar sai yashi ya riƙa taruwa ta ɓangaren hasumiya, ɗaya gefen kuma, wato Bar Beach, teku ya riƙa cinye shi shekara da shekaru. Bar Beach nan ne bakin tekun talakan Legas, inda kowa ke zuwa ranar hutu ya sha iska. Yau babu shi. An cike wurin da yashi an gina Eko Atlantic a kai. A watan Afrilun 2024 kuma aka rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark don titin gaɓar teku da zai tashi daga Legas zuwa Kalaba. Yawancin bakin tekun da suka rage a wajen Lekki sai ka biya kuɗin ƙofa kafin ka ga ruwan da Allah ya halitta. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita kusan 850, amma a birni mafi yawan jama'a a ƙasar, wurin da mai ƙaramin ƙarfi zai tsaya ya kalli teku sai ƙara tsukewa yake.

Na san wani zai ce, to mu 'yan Kano da Katsina da Gusau ina ruwanmu da rigimar masunta a Legas? Ruwanmu ne, har da tsaki. Na farko dai wanda ya ba ni labarin da Hausa ya ba ni. Na biyu, kwana goma sha ɗaya bayan tashin Tarkwa, ranar 1 ga Fabrairun 2020, gwamnatin jihar Legas ta hana acaɓa da Keke Napep a manyan sassan birnin, kuma kowa ya san 'yan ina ne da yawa daga cikin masu wannan sana'a. A lokacin mun yi ta kuka a soshiyal midiya cewa ba a damu da talakanmu ba. Amma mu nawa ne muka ce uffan a kan waɗanda aka tasa mako ɗaya da rabi kafin nan? Mu ma a garuruwanmu mun san rusau, mun san mai teburin da aka wayi gari an kwashe masa kaya don a ƙawata titi. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa.

A ajinmu na aikin jarida akwai abin da malaminmu ke yawan nanatawa, cewa aikin edita rabinsa zaɓen abin da zai shiga ne, rabinsa zaɓen abin da za a bari a waje. Da muna rubuta wannan ne don cin jarrabawa. A Tarkwa na gane cewa yanzu duk mai waya edita ne. Idan mutum dubu suka je wuri ɗaya, kowa ya yanke mai talla da kango daga hotonsa, to a idon duniya wurin ya zama fili ne fetal, yashi da ruwa da rumfuna, babu mai shi. Wurin da aka saba gani babu kowa kuwa, ranar da aka kwashe mutanensa ba wanda zai ji an yi wani abu. Ba na cewa hotunanmu ne suka kawo sojoji. Ina cewa suna cikin abin da ke sa a yi irin wannan a kwana lafiya.

Da na faɗa wa abokaina haka da safiyar Lahadi, ɗayansu ya ce, "Kai dai matsalarka ke nan, mun zo hutu ka mayar da shi lacca." Yana da gaskiyarsa. Mutum ya sha wahalar karatu da cunkoson Legas, yana da haƙƙin ya kwanta a yashi ya manta da duniya. Hoto mai kyau kuma ba zunubi ba ne, ni ma ban goge nawa ba. Abin da na ce masa shi ne, sanin labarin bai rage mini daɗin ruwan ba ko kaɗan. Na yi wanka, na ci kifi, na yi dariya har cikina ya ƙulle ranar da igiyar ruwa ta kayar da shi a gaban 'yan mata. Bambancin kawai shi ne na daina ɗaga wa yaro mai kwakwa hannu kamar ƙuda. Baƙon da ya shiga gida ya gaida masu gida ba a ce hutunsa ya lalace ba.

Wani kuma zai ce, in haka ne ai gara a ƙaurace wa wurin gaba ɗaya. Na yi wannan tunanin, har na tambayi Baba mai shayi. Dariya ya yi, ya ce in baƙi suka daina zuwa shi wa zai sayar wa? Waɗanda suka lallaɓo suka dawo bayan tashin, da masu zuwa da safe su koma da yamma, duk da cinikin baƙi suke ci. Ƙaura ba ta taimake su da komai ba. Abin da zai taimaka shi ne kuɗin da ka zo da shi ya sauka a hannunsu. Mu da muka taho da katan ɗin taliya da burodi tun daga Agege don tsimi, kunya ta kama mu. Daga ranar muka koma sayen abinci a wurin matan da ke dafawa a can.

Akwai masu cewa a wannan tsadar rayuwa maganar hutu a tsibiri ta 'ya'yan masu kuɗi ce. Ban musa ba, akwai wanda ko kuɗin motar zuwa makaranta yana gagararsa, kuma ba shi nake wa magana ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu abin da muke kashewa a data da ankon biki a zango ɗaya ya isa wannan tafiya idan mutum yana Legas, musamman in an haɗa kuɗi an yi hayar tanti ɗaya. Sai kuma masu tsoron lalacewar tarbiyya. E, za ka ga shigar da ba ka saba gani ba, za ka ga masu shan abin da ba ka sha. Wannan ko a cikin gari akwai shi. Mu dai mun yi sallolinmu a kan yashi, mun yi alwala da ruwan teku, ba wanda ya ce mana don me. Sallar asuba a bakin teku, gari shiru sai ƙarar ruwa, tana cikin abin da ba zan manta ba.

Ga wanda ya yi niyya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tafi da tsabar kuɗi ƙanana, don tura kuɗi ta waya ba kullum yake tafiya ba. Ka ɗauki abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da maganin sauro, da tocila, da ruwan sha isasshe. Ka yi ciniki da mai jirgi tun kafin ka hau, ka san lokacin jirgin ƙarshe, kada ka yarda da tafiyar dare a ruwa ko da kyauta ce. Jirgin da aka cika fiye da kima ka bar shi ya tafi, wani na zuwa. In ba ka iya iyo ba kada ruwa ya wuce maka gwiwa, kuma ka tambayi 'yan wurin inda ake shiga da inda ba a shiga, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan uwa mata ku tafi a ƙungiya, kuma gida su san inda kuke. Sharar da ka tara ka ƙulle ta a leda ka dawo da ita. Kafin ka ɗauki hoton mutum, musamman yara, ka nemi izini. In aka ce a'a, ka mayar da wayarka aljihu.

Ranar Litinin da sassafe, kafin jirginmu ya zo, na tafi neman matar da na yanke daga hotona. Ban sha wahala ba, ashe ita ce ke soya kifin da muka ci daren Lahadi. Na gaishe ta, na ce, "Mama, ki yi haƙuri, kin fito a hotona ban sani ba." Na nuna mata cikakken hoton. Ta kalla ta yi dariya, ta ce ɗankwalinta ya karkace. Na tambaye ta ko ta yarda in ɗora shi yadda yake. Ta ce in ɗora, amma in rubuta cewa kifinta ya fi na kowa daɗi a tsibirin. Robobin da take tsincewa kuwa tarawa take ta sayar wa masu saye a kilo.

Na ɗora cikakken hoton da muka dawo, da ɗan bayanin abin da ya faru a 2020, da tallar kifin kamar yadda na yi alkawari. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na masu son hoton farko bai samu ba. Wanda ya tambaya ko Dubai ce bai dawo ba. Amma wata 'yar ajinmu ta turo mini saƙo ta ce ta je wurin sau biyu ba ta taɓa jin labarin ba, kuma tana so mu koma tare da na'urar naɗar murya mu yi aikinmu na ƙarshen zango a kai. Mun sa rana.

Kawu kuwa da na nuna masa hotunan, bai tsaya kan jirgin ko ruwan ba. Hoton Baba mai shayi ya riƙe yana kallo, ya ce, "Wannan ai namu ne. In za ku koma ka gaya mini, in ba ka saƙon goro ka kai masa." Na ce, "Kawu, ai zuwa da kai ya fi saƙo." Ya ce in bar shi ya yi tunani, amma in fara tambayo masa ko rigar kariyar tasu akwai wadda za ta shige shi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Kafin nan, ku buɗe wayoyinku ku duba hoton da kuka fi alfahari da shi, ku tuna wa kuka matsar gefe kafin a ɗauka.